Bargo ba zai ɗumama ƙadangaren ɗanki ba

Assalamu alaikum Anti. An yi wa maigidana canjin wurin aiki, kuma tashin ya faɗo mana a tsakiyar hunturu. Tafiyar mota ce ta kwana biyu: wajen awa 8 a ranar farko, mu kwana a otal, washegari mu ƙarasa awa 5. Hanyar da za mu bi sanyinta kan sauka har digiri 0, wani lokaci da dusar ƙanƙara. Ɗana mai shekara 11 yana da ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya ɗin nan, shekararsa 3 a hannunmu, kuma ransa na kansa sosai. Ni dabarata in naɗe shi cikin bargo mai kauri, in cusa masa ƙunshin ɗumama hannu guda uku ko huɗu. Yaron ya ce a cinyarsa zai riƙe shi har mu isa. Babansa kuwa cewa yake ƙadangare ne fa, a bar shi cikin akwatinsa na gilashi a saka a but. Na rasa ta wa zan bi, kuma ina tsoron mu sauka da gawa. Ki taimaka mini da shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Cikin dabarun nan uku babu wadda zan ce ki bi kamar yadda take, kuma ki yi haƙuri, taki ce ta fi tayar mini da hankali duk da ita ce ta fi nuna kulawa. Bari in fara da bargon.

Ni da ke idan muka shiga bargo, jikinmu ne ke haifar da zafin, bargon kuma ya tare shi kada ya tsere. Ƙadangare ba ya haifar da wani zafin a zo a gani. Abin da jikinsa ke ƙonawa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na abin da dabba mai shayarwa daidai girmansa ke ƙonawa ba, shi ya sa duk ɗumin da kika ji a jikinsa aro ne, daga rana ko daga fitilar da ke saman akwatinsa. Idan kika naɗe shi a bargo cikin mota mai sanyi, zai huce a hankali har ya yi daidai da sanyin motar. Idan kuma ya riga ya huce kafin ki naɗe shi, bargon zai hana ɗumin hita isa gare shi, ya zauna cikin sanyinsa alhali ku kuna gumi. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanki: daga ina zafin zai fito, kuma da me za ki san yawansa a daidai inda dabbar take kwance.

Ki fara sanin lambar da kike nema. Wannan ƙadangaren, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, ɗan busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne. A gida ana ba shi wurin shan zafi mai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen akwatin kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 27, da dare ya sauka har 18 ba tare da wata illa ba. Mutane da yawa suna riƙe lambar farko, su yi ta ƙoƙarin kawo ta cikin akwatin tafiya. Kuskure ne babba. A gida yana hawa ƙarƙashin fitila ya gasu, ya sauko ya koma gefen sanyi, haka yake yi yini guda yana daidaita kansa. A ƙaramin akwati rufaffe ba shi da wurin gudu. Abin da kike so a hanya matsakaicin ɗumi ne mai ɗorewa, tsakanin 24 da 28. Idan ya sauka 21 ko 20 na 'yan awanni, babban ƙadangare lafiyayye zai yi lamo ne kawai ya yi barcinsa. Idan ya yi ƙasa da 18 ki ƙara ɗumi. Idan ya haura 32 cikin rufaffen akwati, ki buɗe ki rage nan take.

Ki lura da bambancin faɗin da ke tsakanin iyakokin nan biyu. Ta wajen sanyi kina da sarari, kuma sanyi yana ba da lokaci. A jihar Fulorida ta Amurka, duk sanda sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10, manyan ƙadangarun iguwana da ke kwana a bishiya sukan sandare su riƙa faɗowa ƙasa, har a watan Janairun 2020 hukumar hasashen yanayi reshen Miyami ta gargaɗi mutane su yi hattara da su. Da yawansu idan rana ta fito sai su farfaɗo su yi gaba. Ban kawo wannan don ki yi sakaci ba, domin irin wannan sandarewa tana raunana garkuwar jiki, tana kuma kashewa idan ta daɗe. Na kawo shi ne don ki ga ƙadangaren da ya huce sau da yawa ana ceto shi. Wanda ya dahu a rufaffen akwati kuwa cikin mintuna ake rasa shi, kuma babu dawowa.

A nan ƙunshin ɗumama hannun naki ya shigo. Abin da ke cikinsa garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi da ɗan danshi. Da zarar kin yage ledar, iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke fitar da zafin. An yi shi ne don ya shiga aljihun mutum mai tafiya cikin ƙanƙara, saboda haka yana hawa da sauri, yana haura digiri 55, wasu har kusan 70, sannan ya mutu bayan 'yan awanni. Guda huɗu cikin bargo ɗaya da dabba mai nauyin giram 400 ko 500, garin neman gira za a rasa ido. Ga kuma wata halayya ta dangin ƙadangare da likitocin dabbobi suka sani sarai: ba sa saurin janye jiki daga abu mai zafi. Idan jikinsa a sanyaye yake, zai kwanta a kan ƙunshin ya lafe, fatar cikinsa tana ƙonewa shi ko gezau, sai bayan kwana biyu ki ga tabo ya yi baƙi ko ya ɗuri ruwa. Irin wannan ƙuna tana daɗewa ba ta warke ba.

Akwai wani irin ƙunshin da aka yi musamman don jigilar kifi da dabbobi masu rarrafe, za ki ga an rubuta awa 40 ko awa 72 a jikin ledar. Sinadarin ɗaya ne, sai dai an rage masa gudu, yana tsayawa wajen digiri 40 a fatarsa, yana kuma daɗewa. Na awa 40 shi ya dace da tafiyarku. Ki nemi guda uku ko huɗu, ɗaya na aiki, sauran na ko-ta-kwana, a bar su cikin ledarsu ba a yage ba. Abu biyu za ki riƙe game da shi. Ba ya ɗaukar zafi nan take, don haka ki buɗe shi kamar awa ɗaya kafin tashi, ki ɗan girgiza, ki naɗe cikin tawul har ki ji ya kama. Sannan tun da tsatsa ce ke aiki, iskar oksijin yake ci, wato iskar da ƙadangaren ke shaƙa. Akwatin da aka toshe ruf zai kashe ƙunshin, zai kuma takura wa dabbar. Ramukan iska dole ne.

Idan ba ki samu irin wannan ba, gorar ruwan ɗumi ta wadatar. Ki cika gorar roba mai murfi mai kyau da ruwan da za ki iya barin hannunki a ciki ba ki cire ba, ki zura ta cikin safa mai kauri, ki ɗaure ta yadda ba za ta gangara ta danne shi ba idan aka taka birki. Aibinta tana hucewa bayan awa biyu ko uku, sai an riƙa sabuntawa daga filas. Amfaninta kuma ba ta cin iska, kuma tun daga lokacin da kika zuba ta raguwa kawai take yi, ba za ta ba ki mamaki da hauhawa ba. Idan ƙunshin hannun nan ne kaɗai ke gare ki, guda ɗaya tak, cikin safa biyu, a wajen akwatin ciki, ana duba ma'auni a kai a kai.

Yanzu ga yadda za a haɗa wurin. Akwati biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki robar ajiya ce mai murfi mai kamawa, girmanta daidai yadda zai miƙe ya kuma iya juyawa, kada ta fi haka, domin a babban wuri zai riƙa zamewa yana buguwa duk sanda mota ta karya kwana. Ki huda ƙananan ramuka a murfin da saman gefuna, ki huda daga ciki zuwa waje don kaifin robar ya fita waje. Ki shimfiɗa tsumma mai laushi ko takardar goge hannu ninki da yawa a ƙasa, ki guji tawul mai zare-zare saboda farcensa na sarƙewa a ciki. Ki nannaɗe wani tsumman ki sa a gefe ya samu abin riƙewa da abin cusa kai. Babu dutse, babu reshe, babu yashi, babu kwanon ruwa. Ruwa zai zube ya jiƙa shimfiɗar, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuwa tsotse ɗumi take yi daga jikinsa.

Na waje kula ce, ko farin akwatin nan mara nauyi da ake jigilar magani da ƙanƙara a ciki. Shi ne zai yi aikin da kika so bargo ya yi, wato tare ɗumin. Ki huda masa ramuka biyu ko uku masu faɗin fensir, idan kuma kula ce mai tauri da ba kya son hudawa, ki ɗan ɗaga murfin da tsumma. Ƙunshin zafin ki manna shi da selotef a cikin murfin kular ko a bango ɗaya, gefen da ke da ƙananan ƙofofin shan iska yana kallon sarari, kada selotef ya rufe shi. Ki bar tazara tsakaninsa da robar ciki, ki cike gurbin da dunƙulallen jarida don kada robar ta yi ta yawo. Gefe ɗaya kawai za a ɗumama. Ko a ɗan wurin nan, idan akwai ɓangaren da ya fi ɗumi da wanda ya fi sanyi, zai matsa da kansa inda ya fi masa.

Abin da ba zan yarda ki tafi babu shi ba shi ne ma'aunin zafi mai waya, irin wanda ke da ɗan kai a ƙarshen wayar da allo a ɗaya ƙarshen. Kan ya shiga ta ramin iska, a manna shi a ƙasan robar ciki, daidai inda cikin ƙadangaren zai taɓa. Allon ya zauna a waje inda ido zai kai. Lambar da motar ke nunawa ta iskar gaban direba ce, ba ta san abin da ke faruwa cikin kula a kujerar baya ba. Tafin hannunki ma ba ma'auni ba ne: bayan kin fito daga sanyi, digiri 20 zai yi miki kamar ɗumi mai daɗi. Kuma da allon a waje ba sai an riƙa buɗe murfi ba, domin duk buɗewa zubar da ɗumin ne da tayar da dabbar da duhu ya kwantar wa hankali.

Kwana biyu ko uku kafin tashi, ki yi gwaji babu ƙadangare a ciki. Ki haɗa komai yadda zai kasance, ki sadaukar da ƙunshi ɗaya, ki rufe, ki ajiye cikin ɗaki mai ɗumi irin na mota mai hita, ki duba allon duk rabin awa. Za ki iya ganin ya tashi daga 22 ya kai 26 ya tsaya, to kin dace. Za ki iya ganin ya wuce 30 yana ci gaba da hawa, to a ƙara rami, ko a naɗe ƙunshin da ƙarin tsumma, ko ma ki gane cewa muddin hita na aiki ba kya bukatarsa sam. Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda ake zato. Bayan haka ki fitar da kular waje cikin sanyi na awa ɗaya ki ga saurin saukar ɗuminta. Wannan lambar ita za ta gaya miki ko minti nawa gare ku idan mota ta mutu a hanya. Gara ki san ta kina tsaye a ƙofar gidanki.

Maganar abinci kuma, akasin abin da zuciyar uwa ke raya mata za ki yi. Kada ki cika masa ciki don tafiya. Narkar da abinci a jikinsa da zafi yake tafiya, idan ya ci ƙwari sannan ya yini a digiri 24, abincin zai zauna a ciki bai narke ba, ya kumbura shi ko ya yi amai a hanya. Ki dakatar da ƙwari kwana biyu kafin tashi, ganye kuma kwana ɗaya, fitilarsa tana kunne kamar kullum don ya gama da abin da ya riga ya ci. Babban ƙadangare mai shekara 3 ba abin da kwana uku ko huɗu babu ci zai yi masa. Ana gobe tafiya ki zaunar da shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi, iya kafaɗarsa, na minti 10 zuwa 15. Zai sha idan yana so, kuma sau da yawa a nan yake yin kashi, kin huta da warin a mota. Ki tsane shi sarai. Ranar tafiya kuma a bar shi ya sha fitilarsa awa ɗaya ko biyu kafin a saka shi, ya shiga akwatin da ɗuminsa.

Sai shawarar maigida. Yana da gaskiya ta wani gefen: waɗannan dabbobi suna da juriya fiye da yadda masu su ke tsammani, kuma ba sai an mayar da tafiyar jinya ba. Amma but ba wurin mai rai ba ne. A yawancin motoci ɗumin hita ba ya isa can, gilashi kuma ba ya riƙe zafi ko kaɗan, yana iya fashewa, kuma duk dutse da itacen da ke ciki zai zama abin jifa a ramin farko da taya ta faɗa. Akwatin gilashin ya shiga but ɗin, amma fanko, an kwashe kayansa, an naɗe ƙwayayen fitilar daban. Ki tabbata shi da fitilun suna cikin motarku, ba cikin babbar motar kwasar kaya da za ta iso bayan kwana uku ba, kuma a ɗora su a ƙarshe don su zama farkon saukewa.

A cikin motar, a kunna hita ta ɗumama kafin a fito da shi, a kai ta wajen 22 zuwa 24. Daga ƙofar gida zuwa mota yana cikin kularsa a rufe, minti ɗaya ba komai ba ne. Wurinsa kujerar baya, a ɗaure kular da bel. Kada a ajiye ta a ƙasa wurin ƙafa: ko dai daben motar ya yi sanyi ƙwarai, ko kuma bututun hita na ƙarƙashin kujerar gaba ya riƙa hura mata zafi kai tsaye. Idan kujerun naku masu ɗumama kansu ne, a kashe wadda kular ke kai. Ki kula da rana ma. Ko ana tsananin sanyi a waje, hasken da ke ratsa gilashi ya sauka kan kula yana iya ɗaga ta digiri da yawa, kuma gefen da rana take yana sauyawa yayin da hanya ke lanƙwasa. A guji shan taba da fesa turare mai ƙarfi a motar.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin tsayawa. An kashe mota, kowa ya shiga cin abinci, ana cewa minti goma ne, sai ya zama arba'in. Mota a digiri 0 tana hucewa da sauri. Ko dai wani ya zauna da shi, ko a ɗauki kular a shiga da ita idan wurin ya yarda, ko a yi ta bi da bi. Idan mota ta lalace ko hanya ta toshe, a nan ƙunshin ko-ta-kwana da filas ɗin ruwan zafi za su yi rana. Idan suka ƙare, jikin mutum shi ne hita ta ƙarshe: a sa shi cikin jakar matashin kai ta auduga, a ɗaure bakin, a saka cikin riga a kan ƙirji, ƙarƙashin rigar sanyi. Fatar mutum tana wajen digiri 33, ba za ta ƙona shi ba, ba za ta kuma bar shi ya sandare ba. Babba ne zai yi wannan, ba direba ba, kuma a kula kada bel ya matse shi. Idan kuka bar injin a kunne don hita cikin dusar ƙanƙara, maigida ya fita ya tabbatar bakin salansa bai toshe ba, domin hayaƙin da zai dawo cikin mota ku zai fara yi wa illa kafin ƙadangaren.

Shi kuma yaron, ina jin tausayinsa, amma cinya ba za ta yiwu ba. Awa 8 a fili, ga motsi, ga hasken da ke wucewa ta taga, ga ƙofa da ake buɗewa iska ta bugo, dabbar za ta gaji, za ki ga gemunsa ya yi baƙi ƙirin. Kuma idan ya zille ya shige ƙarƙashin kujerar direba ana gudu, magana ta wuce ta ƙadangare. Kada dai ki tsaya a hani kawai. Yaron tsoro yake ji irin naki, ga kuma barin gida da abokai, wannan dabbar ce abin da zai tafi da shi daga tsohuwar rayuwarsa. Ki ba shi aiki na gaske. Ki zaunar da shi kusa da kular, ki ba shi littafi da biro, duk rabin awa ya karanta allon ya rubuta lokaci da lamba, ki gaya masa idan ya ga ƙasa da 21 ko sama da 29 ya yi magana. Ya kasance tare da ke a ranar gwaji ma, shi ya huda ramukan. Duk wanda ya taɓa ƙadangaren ko shimfiɗarsa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu, saboda dangin nan suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma shawararta ita ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su riƙa taɓa su, idan akwai ƙanana a motar sai ki kiyaye.

Otal kuma ki kira tun yanzu ki tambaya, ki ambaci ƙadangare da sunansa, domin wurare da yawa da ke cewa suna karɓar dabbobi kare da kyanwa suke nufi. A ɗakin ki ɗora robar a kan tebur nesa da taga da ƙofa. Idan ɗakin ya kai 20 zuwa 22, ya ishe shi kwana. Ki buɗe ki dube shi, ki canja shimfiɗa idan ya ɓata, ki ɗiga masa ruwa a kan hanci ya lasa idan ya ga dama. In kin zo da fitilarsa mai maƙalewa, za ki iya ba shi awa ɗaya a ƙarƙashinta da safe kafin ku kama hanya, murfi a buɗe, kina zaune a wurin, fitilar nesa da roba da labule. Kada ki ba shi abinci. Fitilar nan ta musamman mai hasken da ke taimaka masa sarrafa sinadarin ƙashi, rashinta na kwana biyu ba zai yi masa komai ba.

Ki san alamomin da za ki gani idan kin buɗe. Wanda sanyi ya kama launinsa kan yi duhu, ya yi sanyi a hannu, ido a lumshe, motsi da ƙyar. Wanda zafi ya dama kuwa yana hangame baki, yana numfashi da sauri, yana kartar bango yana neman fita. Hangame baki a ƙarƙashin fitilar gida al'adarsa ce ta rage zafi, amma a cikin rufaffen akwati ƙararrawa ce: a cire ƙunshin, a buɗe murfi. Idan kuma kin same shi ya yi laƙwas saboda sanyi, kada ki yanke cewa ya mutu, numfashinsu kan ragu har ido ya kasa gani. Kada kuma ki kai shi gaban hita ko ki tsoma shi a ruwan zafi. A hankali ake dawo da shi: ɗumin ɗaki ko na ƙirjinki tukuna na kamar awa ɗaya, idan ya fara motsi sannan a matsar da shi kusa da fitila, ba ƙarƙashinta kai tsaye ba. Wanda ba ya iya ɗaga kai kada a sa shi a ruwa ko kaɗan, kada kuma a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe.

Ga masu karatu da nasu ba irin wannan ba ne, lambobin nan na mai gemu ne. Tsakar nan mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, alal misali, ɗumin 28 zuwa 29 ma ya yi mata yawa, cikin mota mai hita ba ta bukatar ƙunshi. Jariran ƙadangaru da marasa lafiyarsu kuma sun fi saurin hucewa, ba sa jure yunwa kamar manya. Wanda zai tsallaka iyakar ƙasa ya binciki takardu da wuri, domin iguwana da hawainiya da dangin damo suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975, wasu wuraren kuma, irin su jihar Hawai, sun hana shigo da mai gemun kwata-kwata. Yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa barin dabba mai rarrafe a wurin fasinja. Wanda kuma tafiyarsa ta kwana biyu ce zai dawo, ya bar dabbar a gida da na'urar kunna fitila da kashewa, wani amintacce yana leƙawa.

Idan kun isa, kafin a kwance ko jaka ɗaya a haɗa akwatin gilashin, a kunna fitilu, a jira ma'auni ya nuna wurin shan zafin ya kai lambarsa sannan a saka shi. Sabon ɗaki ba lallai ya yi ɗumin tsohon ba, don haka ki sake aunawa dare da rana a kwanakin farko. Ruwa a ranar, ganye washegari, ƙwari bayan ya yini guda cur yana shan fitila. Zai iya ƙin ci na kwana uku zuwa mako saboda baƙunta, kuma tun da hunturu ne, wasunsu kan shiga dogon barcin da suke yi a wannan lokaci, su rage ci da motsi. Abin da zai raba miki wannan da ciwo shi ne nauyi da numfashi. Ki auna shi a sikelin kicin kafin ku tashi, ki sake aunawa duk mako. Mai barcin hunturu nauyinsa ba ya zubewa sosai. Idan kuwa kin ga yana ramewa, ko kumfa ko majina a hanci da baki, ko kin ji ƙara a numfashinsa, ko yana ɗaga kai sama baki buɗe alhali ba ya ƙarƙashin fitila, ko wani tabo ya fito a fatar ciki, ki kai shi wurin likita ba tare da jira ba. Ciwon huhu bayan shan sanyi yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, kuma ba kowane likitan dabbobi ne ke duba masu rarrafe ba, saboda haka ki nemo wanda ke yi a garin da za ku tun kafin ku tashi, ki ajiye lambarsa a wayarki.